Yadda ake sa kwamfuta ta gane fashewar nakiyar mahaƙai a aikin sa ido kan gwajin nukiliya

Na'urar auna motsin ƙasa ba ta san nukiliya ba. Abin da take rubutawa kawai shi ne ƙasa ta motsa a daƙiƙa kaza da ƙarfi kaza, ko girgizar ƙasa ce, ko nakiyar masu haƙar kwal, ko rami ne ya rufta, ko kuwa bam aka tayar a cikin dutse. Tun da aka buɗe yarjejeniyar haramta gwajin nukiliya ta CTBT don sa hannu a ranar 24 ga Satumba 1996, hukumar kula da yarjejeniyar, wadda ke Vienna, take kafa tashoshin sa ido a faɗin duniya. Tsarin ya tanadi manyan tashoshin motsin ƙasa 50, mataimaka 120, na sauraren sautin iska 60, na sauraren teku 11, da na shaƙar ƙura da iskar nukiliya 80. Duk sa'ad da tashoshi suka ƙara kaifin ji, ƙananan motsi sai su yi ta kwararowa, kuma a yankuna irin su Kuzbass na Rasha, zirin Kola, arewacin Suwidin da kwarin Powder River na Amurka, yawancinsu aikin nakiya ne. Idan mutum zai duba kowanne da ido, ba zai taɓa kaiwa ga wanda ya kamata ya duba ba.

Kafin ka taɓa kwamfuta, riƙe wannan. A watan Satumban 1993 Amurka ta tayar da kusan tan 1,300 na nakiyar amoniyom naitiret da mai a lokaci guda, cikin wani rami a filin gwajinta na Nevada, don a ga ko na'urori za su bambanta ta da bam ɗin nukiliya mai ƙarfin kilotan ɗaya, wato ƙarfin tan dubu na nakiyar TNT. Ba su bambanta ba. Saboda haka abin da manhajarka za ta koya shi ne halin mahaƙa: inda take fasa dutse, yadda take jera nakiyarta, da siffar da motsinta yake isowa tasha da ita. Sinadarin da ya fashe ba ya bayyana a motsin ƙasa.

Mataki na farko: yanke abin da kake so manhajar ta ce

Ka ba ta akwati uku: fashewar sananniyar mahaƙa, girgizar ƙasa, da wanda ba a gane ba. Akwati na uku shi ne ainihin aikin, don shi zai je gaban mai tantancewa. Masu gina irin wannan tsari sukan so manhaja ta ba da amsa a kan komai, alhali kuskuren da za ta iya yi iri biyu ne, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Idan ta tura nakiyar mahaƙa gaban mutum, minti kaɗan aka yi asara. Idan ta saka baƙon abu cikin akwatin mahaƙa ta rufe, an rasa abin da aka kafa tashoshin dominsa. Ita kanta cibiyar tattara bayanai ta Vienna ba ta yanke hukuncin cewa abu kaza nukiliya ne. Tana fitar da jerin abubuwan da kwamfuta ta gano, masu tantancewa su gyara, a ware waɗanda suka yi daidai da motsin halitta, hukunci kuwa na ƙasashe ne ta cibiyoyinsu na gida.

Mataki na biyu: haɗa rajistar mahaƙai

Rubuta kowace mahaƙa da wurin fasa dutse da ke yankin da tashoshinka suke ji: iyakokin ramin daga hotunan tauraron ɗan'adam, buɗaɗɗiya ce ko ta ƙarƙashin ƙasa, abin da ake haƙa, da lokutan da ta saba tayar da nakiya. Abu mafi daraja shi ne littafin fashewa na kamfanin, inda ake rubuta rana, lokaci, nauyin nakiya, yawan ramuka da tazarar da ke tsakanin tashinsu. Fashewa goma da kamfani ya tabbatar sun fi ɗari da aka yi hasashe. Yarjejeniyar ta nemi ƙasashe, bisa son ransu, su sanar da duk fashewar nakiya da ta kai tan 300 idan lokaci guda za a tayar da ita, amma kada ka dogara da wannan, yawancin abin da za ka gani bai kai can ba.

Ka kula da agogo. Tashoshi suna rubutu da agogon duniya na UTC, kamfani kuma da agogon ƙasarsa, wasu ƙasashen kuma suna matsa agogo da awa ɗaya a lokacin zafi. Idan ka jera fashewar wata mahaƙa ta shekara guda ka ga tsakiyarta ta yi tsalle da awa ɗaya cif sau biyu a shekara, ka san hannun mutum ne, girgizar ƙasa ba ta bin dokar agogo. Amma kada ka ɗauka duk nakiya da rana ake tayarwa. A mahaƙar ƙarfe ta Kiruna, wadda ke ƙarƙashin ƙasa, bayan ƙarfe ɗaya na dare ake yi, lokacin da ma'aikata suka ragu a ramin.

Mataki na uku: ganowa da ƙiyasin wuri

Nan ba sabon abu. Tace rikodin ka bar mitar da ke tsakanin hertz 1 zuwa 10 ko sama kaɗan (hertz shi ne yawan kaɗawa a daƙiƙa), sannan ka sa manhajar da ke gwada ƙarfin motsi na 'yan daƙiƙu da na dogon lokaci, ta yi alama idan na gajeren ya zarce. Motsin yana zuwa ne a igiyoyi daban-daban: igiyar P ce ke fara isowa, da gudun kilomita 6 zuwa 8 a daƙiƙa, sai igiyoyin S da Lg su biyo baya da gudun wajen 3.5. Tazarar daƙiƙu tsakanin P da S, idan ka ninka da takwas, za ta ba ka kusan nisan a kilomita. Idan tasharka ta gungun na'urori ce, kamar ARCES a arewacin Norwe, FINES a Finlan ko Makanchi a Kazakistan, bambancin lokacin isowa a kowace na'ura zai nuna maka alkiblar da igiyar ta fito. Manhajojin ObsPy da SeisComP duk suna yin wannan.

Abin lura shi ne wurin da ka samu ta wannan hanya yana iya kaucewa da kilomita goma ko ashirin, har fiye. Mahaƙai biyar suna iya shiga cikin wannan da'irar, tare da fili mai yawa da ba na kowace mahaƙa ba. Don haka "ya faɗo kusa da mahaƙa" dalili ne na ci gaba da bincike kawai.

Mataki na huɗu: gina samfura, ka gwada kamanni

A nan ƙarfin aikin yake, kuma a nan ya kamata ka kashe yawancin lokacinka. Idan abubuwa biyu suka tashi daga wuri ɗaya, igiyoyinsu suka ratsa duwatsu ɗaya zuwa tasha ɗaya, rubutunsu zai yi kama har a ƙananan lanƙwasa. Hanyar da igiyar ta bi ita ce ke sassaƙa mata siffa. Saboda haka kana iya ɗaukar rikodin tsohuwar fashewa da aka tabbatar, ka mai da shi samfuri, ka riƙa zamar da shi a kan sabon rikodi daƙiƙa bayan daƙiƙa, kwamfuta tana ba ka lambar kamanni daga sifili zuwa ɗaya. Masana na cibiyar binciken motsin ƙasa ta NORSAR a Norwe, Gibbons da Ringdal, sun nuna a 2006 cewa idan aka yi wannan a tashar gungu, ana kama motsin da ya yi ƙanƙantar da tsohuwar hanya ba ta ganinsa sam.

Ga yadda za ka bi. Tattara duk abubuwan da ka gano daga yankin mahaƙar na shekara ɗaya ko biyu. Yanko kowanne daga ɗan kafin isowar P har bayan Lg ta lafa, wanda a nisan kilomita ɗari biyu zuwa uku yakan kai minti ɗaya ko fiye. Kada ka yi rowar tsawo: guntun samfuri na daƙiƙa uku zai yi kama da kusan komai da ya fito daga wannan alkibla, dogo kuwa ba ya yarda sai da ɗan gidansu. Gwada kowanne da kowanne, ka bar manhaja ta tara masu kama da juna rukuni-rukuni. Sai ka ɗauki littafin kamfani ka ga wane rukuni ne na wane rami. Daga kowane rukuni zaɓi mafi tsabta, wanda hayaniya ba ta rufe shi ba kuma wani motsin bai hau kansa ba.

A tashar gungu, gwada kowace na'ura da takwararta a samfurin, sannan ka haɗa sakamakon duka. Idan da gaske daga wuri ɗaya suke, kamannin zai yi ƙololuwa a dukkan na'urorin a daidai lokaci guda. Idan ƙololuwar tana tafiya daga wannan na'ura zuwa waccan, wani abu ne daga wata alkibla ya yi katari, ka watsar. Wannan ɗan binciken kaɗai yana kashe ƙararrawar ƙarya mai yawa.

Sai batun mizani, wato lambar da za a ce daga nan an yarda. Kada ka ɗauko 0.7 don ka ga wani ya yi amfani da ita. Mizani ya danganta da tsawon samfuri, faɗin mitar da ka tace da yawan na'urori. A gungu mai na'urori ashirin, lambar da ta yi ƙasa ƙwarai tana iya zama tabbatacciya. Akwai dabara mai sauƙi: juya samfurin baya, ƙarshensa ya koma farko, ka sake shi a kan rikodin wata guda. Ba wata fashewa a duniya da ke da wannan siffa, don haka duk abin da ya kama ƙarya ne. Lambar da ƙaryar ba ta iya hayewa, daga samanta za ka kafa mizaninka.

Iyakar wannan hanya ita ce nisa. Kamanni yana riƙewa ne idan wuraren biyu ba su wuce kusan rubu'in tsawon igiya ba. Igiya mai gudun kilomita 6 a daƙiƙa a mitar hertz 5 tsawonta kilomita 1.2 ne, rubu'insa mita 300. Babbar buɗaɗɗiyar mahaƙa kuwa tana kai kilomita da yawa, kuma bangon da ake fasawa kullum matsawa yake yi. Samfurin bara yana iya daina gane fashewar bana. Magani biyu ne. Ko dai ka riƙa ƙara sababbin samfura duk 'yan watanni, ko ka haɗa fashewa da yawa na rami ɗaya ka fitar da 'yan siffofin tushe waɗanda kowace fashewar wurin cakuɗarsu ce, ka riƙa gwadawa da su gaba ɗaya. Hanya ta biyu ta fi jure bambancin yadda aka jera nakiya. A ganina kuma kada a bar manhaja ta riƙa ƙara wa kanta samfura ba tare da mutum ya sa hannu ba, domin baƙon abu ɗaya da ya shiga rumbun zai riƙa wanke duk masu kama da shi daga baya.

Wannan dabara ce dai aka yi amfani da ita a kan Koriya ta Arewa. Rikodin gwajin 9 ga Oktoba 2006 a Punggye-ri ya zama abin gwada na 2009, 2013, biyu na 2016 da na 2017, har aka iya jera wurarensu a cikin dutsen da tazarar ɗaruruwan mita. Wannan yana tuna maka abin da samfuri yake faɗa: wuri ɗaya, hanya ɗaya. Kama da wane ba wane ba ne.

Mataki na biyar: nemi alamar jerin nakiya

Masu haƙa ba sa tayar da nakiyarsu lokaci guda. Suna huda ramuka da yawa a jere, kowane rami ko kowane layi ya tashi bayan na gabansa da 'yan milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, domin dutse ya farfashe da kyau kuma girgiza ta ragu ga gine-ginen kusa. Wannan maimaituwa tana barin tabo. Idan ka zana ƙarfin motsin bisa mita, za ka ga tudu da kwari a jere. Tazarar milisakan 100 tana sa tudu a hertz 10, 20, 30. Kuma idan ka zana mitar bisa lokaci, tuddan suna miƙewa a kwance tun daga P har jelar rikodin, ba sa canzawa, domin daga tushen suke. Maimaituwar da duwatsun hanya suka haddasa takan canza daga wannan igiya zuwa waccan. Ka sa manhajar ta auna wannan miƙewar, ta kuma tabbatar tana nan a tasha fiye da ɗaya.

Tarko yana nan. Tasha mai ɗaukar awo 40 a daƙiƙa ba ta ganin abin da ya haura hertz 20. Idan mahaƙa tana amfani da tazarar milisakan 25, tudunta na farko yana hertz 40, ba za ka gan shi ba. Rashin ganin alamar ba hujja ba ce a kan kowa. Ganinta ne hujja, shi ma hujjar cewa an tayar da jerin nakiya, bai ce ita kaɗai aka tayar ba.

Mataki na shida: awon igiyoyi

Fashewa tana tura dutse waje ta kowane ɓangare, don haka P ɗinta tana da ƙarfi, girgizar ƙasa kuwa zamewa ce, S ɗinta ta fi. Auna P bisa Lg a mitar da ta haura hertz 4 ko 6, bayan ka gyara don nisa. Wannan awo yana raba gwajin nukiliya da girgizar ƙasa sosai, amma nakiyar mahaƙa takan faɗo tsakiya, domin jefa tarin dutse gefe yana haifar da S mai yawa. Amfaninsa a gare ka shi ne kowace mahaƙa tana da nata zangon da ta saba. Ranar da wani abu ya fito daga wurinta da P mai kaifi fiye da al'ada, akwati na uku.

Idan tasha tana kusa, nemi igiyar Rg, mai tafiya a fatar ƙasa a hankali bayan Lg. Ba ta fitowa sai tushen yana cikin 'yan kilomitan sama. Sannan duba motsin farko: fashewa tana ɗaga ƙasa sama a duk tashoshi, ruftawar rami tana ja ƙasa. Haka aka gane ruftawar mahaƙar Crandall Canyon a Utah a Agustan 2007, kuma irin wannan ne ya biyo bayan gwajin Koriya ta Arewa na 3 ga Satumba 2017 da kusan minti takwas da rabi. Ruftawa ka ba ta rukuninta daban, kada a cusa ta cikin nakiya.

Mataki na bakwai: saurari iska

Fashewar buɗaɗɗiyar mahaƙa tana sakin sauti mai ƙasan mita wanda kunne ba ya ji, yana tafiya kusan mita 300 a daƙiƙa. Tasha mai nisan kilomita 300 za ta ji shi bayan wajen minti 17. Ka sa manhajar ta lissafa lokacin da alkiblar da ake sa ran zuwansa, ta duba ko ya zo. Idan ya zo da ƙarfi, abin a fili ya faru. Sai dai iskar can sama tana juyawa da yanayin shekara, tashar da ke ji a lokacin sanyi tana iya kurmancewa a lokacin zafi. Kuma gwajin ƙarƙashin ƙasa ma yana iya kaɗa iska: wata tasha a gabashin Rasha ta ji na Koriya ta Arewa na 2013. Don haka ƙarfin sautin za ka gwada da ƙarfin motsin ƙasa, ka ga ko sun yi daidai da abin da mahaƙar ta saba.

Mataki na takwas: haɗa shaidu, ka jarraba tsarin da mugunta

Yanzu kowane motsi yana da lambar kamanni, alamar jerin nakiya, awon P da S, Rg, sauti da girma. Kana iya haɗa su da dokoki da ka rubuta da hannu, ko ka ba manhaja mai koyo misalai ta koya, har da irin wadda ake nuna wa hoton mita kai tsaye. Na biyun yana ba da sakamako mai kyau a yankin da aka horar da shi, amma da zarar ka kai shi wani yanki mai duwatsu daban sai ya fara tuntuɓe, dole a sake horarwa.

Kada ka saka lokacin yini ko ranar mako cikin abin da za ta koya. Za ta gano da wuri cewa "tsakar rana, ranar aiki" yana nufin nakiya, ta daina kallon igiyoyin, alhali duk mai son ɓoye gwaji daidai wannan lokacin zai zaɓa. Lokaci ka bar wa mai tantancewa ya gani a gefe. Ka kuma tuna cewa tsofaffin jerin da kake horarwa da su mutane ne suka yi musu laƙabi, sau da yawa bisa wuri da lokaci, don haka kuskurensu yana ciki.

Wajen jarrabawa, raba bayanai bisa shekara: horar da na shekarun baya, gwada da na shekarar ƙarshe. Idan ka cakuɗa su, fashewar rami ɗaya ta mako ɗaya za ta faɗa ɓangarorin biyu, sakamako ya yi kyan ƙarya. Sannan ka ƙirƙiri jarrabawar da ta fi kowacce muhimmanci: ɗauki rikodin fashewar dunƙule guda, ka ɗora shi a kan rikodin nakiyar mahaƙa da girma daban-daban, ka ga a wane girma manhajar take fara cewa ba ta gane ba. Wannan lambar ita ce gaskiyar iyawar tsarinka, ita za ka rubuta a rahoto.

Mataki na tara: abin da ba a barin kwamfuta ta rufe

Bam mai kilotan ɗaya da aka binne sosai cikin dutse mai tauri yana ba da girman kusan maki 4 a ma'aunin girgizar ƙasa. Idan aka tayar da shi cikin babban kogo, motsin yana raguwa ƙwarai. Gwajin Sterling na 1966 a Mississippi, cikin kogon da gwajin Salmon na 1964 ya bari a dutsen gishiri, ya nuna raguwar kusan ninki 70, wanda zai sauko da shi cikin sahun manyan fashewar mahaƙai. Kuma kasancewa cikin mahaƙa ba wanki ba ne: Tarayyar Sobiyet ta tayar da nukiliya a cikin mahaƙar apatit ta tsaunukan Khibiny a 1972 da 1984, don farfasa ma'adini.

Saboda haka ka rubuta dokokin da ke sama da duk abin da manhajar ta koya. Duk motsin da ya fi abin da mahaƙar ta taɓa yi girma, ya je gaban mutum ko da kamanninsa ya kai 0.9. Haka wanda farkonsa ya yi kama da samfuri amma tsakiyarsa ta kauce, da wanda ya fito daga mahaƙar da rajista ta ce an rufe, da wanda tasha ɗaya tak ta shaida. Daga cikin waɗanda manhajar ta rufe da kanta ma, a riƙa tsamo wasu ba tare da zaɓe ba kowane mako, mai tantancewa ya duba ba tare da ya ga laƙabin da aka ba su ba. Kuma ko an rufe abu, kada a goge rikodinsa: iskar zinon, wadda fashewar nukiliya ke saki, daga gwajin Koriya ta Arewa na 2006 sai bayan kusan mako biyu ta isa tashar Yellowknife a Kanada, kuma ranar da irin wannan labari ya zo, tsofaffin rikodin yankin da iskar ta fito za a koma a buɗe ɗaya bayan ɗaya.